Daga Motar Kara Zuwa Mutum-Mutumi

Da zarar an girbe dawa, yara sun samu kayan aiki. Za a gan su a inuwa suna fere kara, suna haɗa mota. Wani ya samo gwangwanin madara, wani ya yanko tsohon silifa ya yi taya. Yanzu kuma wani sabon abu ya shigo. Yara suna ganin mutum-mutumi a waya da talabijin, yana tafiya, yana ɗaukar kaya. Su ma suna so su haɗa irinsa.

Wasu iyaye suna ganin wannan ɓata lokaci ne. Sukan kwashe tarkacen yaro su zubar, har a haɗa masa da faɗa. To amma yaron da ya iya sa taya ta juya a jikin kara ya riga ya fara koyon aikin injiniya. Abin da ya rage masa shi ne babban da zai zauna kusa da shi.

Mene ne mutum-mutumi?

Inji ne kawai. Ba shi da rai, babu aljani a cikinsa. Turawa suna kiransa robot. Sunan ya fito daga wani wasan kwaikwayo da Karel Capek ya rubuta a 1920 cikin harshen Cek. Asalin kalmar aikin tilas take nufi.

Ba dole ne ya yi kama da mutum ba. Wanda ya fara aiki a masana'anta, a kamfanin motoci na General Motors da ke Amurka a 1961, hannu ɗaya ne na ƙarfe. Aikinsa ɗauko ƙarfe mai zafi, wanda ke da haɗari ga ma'aikata.

Cikakken mutum-mutumi yana da abu uku. A dubi manomi a gona. Idonsa ya ga ciyawa, kansa ya ce a cire ta, hannunsa ya kai fartanya. Haka shi ma. Yana da abin da yake gani ko ji da shi. Yana da ƙaramar kwamfuta mai ba da umarni. Yana da inji mai motsa hannu ko taya.

Son irin wannan abu ya daɗe a duniya. A 1206 wani masani Musulmi mai suna Al-Jazari ya gama rubuta littafi a kan na'urori, a garin da yau yake cikin ƙasar Turkiyya. A ciki akwai mutum-mutumi mai zuba ruwan wanke hannu. A zamaninsa babu lantarki, babu batir. Da nauyin ruwa yake sa abubuwa motsi.

Buroshi mai tafiya da kansa

Wannan shi ne mafi sauƙi. A samo tsohon buroshin goge haƙori, a yanke kansa. A samo ƙaramin inji mai juyawa, irin wanda ke cikin tsohuwar rakoda ko motar wasa da ta lalace. Masu gyaran rediyo a kasuwa ba sa rasa shi. A samo batir biyu na tocila, ƙanana, da waya da salatif.

A liƙa ɗan abu mai nauyi, kamar guntun roba, a gefe ɗaya na bakin injin. A ɗaure injin da batir a bayan buroshin. Idan injin ya yi wa buroshin girma, a yi amfani da buroshin goge takalmi. Da an haɗa waya, injin zai juya. Da yake nauyin a gefe ɗaya yake, sai injin ya kama karkarwa. Karkarwar ce ke tura gashin buroshin, sai ya yi ta yawo a kan faranti kamar ƙwaro.

A nan ne koyon yake. A ce wa yaro ya sauya wayoyin biyu, ta dama ta koma hagu. Zai ga injin ya juya ta ɗaya ɓangaren. A ce ya cire batir ɗaya. Zai ga gudun ya ragu. Kada a gaya masa dalili nan take. A bar shi ya yi tunani tukuna.

Hannu mai aiki da ruwa

Wannan ba ya bukatar batir. A sayo sirinji sabbi guda biyu, marasa allura, da siririn tiyo. A haɗa bakinsu da tiyon, a cika da ruwa, a fitar da iska duka. Idan aka danna wannan, sai wancan ya turo. Dalili shi ne ruwa ba ya matsuwa, dole ya nemi hanya. Idan aka bar iska a ciki, hannun zai yi sanyi, domin ita iska tana matsuwa. A yi hannu da kwali ko kara, a ɗaura sirinji ɗaya a gwiwarsa. Sai ga hannu yana ɗagawa yana saukewa. Da irin wannan dabara katafila take ɗaga ƙasa, sai dai ita da mai take aiki.

Aikin na kowa ne a gida. Uba ya riƙe wuƙa, uwa ta ajiye gwangwani da murfin kwalba, yaya ya karanta wa ƙane alamar da ke jikin batir. Kada a ware 'yan mata. Hannun da ya iya saƙa da kitso zai iya haɗa waya.

A yi hattara

Kada yaro ya taɓa wutar lantarki ta gida ko batir na mota. Kada a tsinci sirinji a bolar asibiti, yana ɗauke da cuta. Kada a fasa batir ko a jefa shi a wuta. Mafi haɗari shi ne ɗan ƙaramin batir mai kama da maɓallin riga, na agogo. Idan jariri ya haɗiye shi, yana iya ƙone masa maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i. A garzaya da shi asibiti nan take, kada a jira.

Buroshi da sirinji matakin farko ne, domin ba sa gani, ba sa yanke shawara. Mataki na gaba shi ne 'yar mota mai bin baƙin layi a kan farar takarda. Tana haska fitila a ƙasa. Fari yana mayar da haske, baƙi yana shanye shi, da haka take gane hanya. Ana haɗa ta da wani ɗan allon kwamfuta mai suna Arduino, wanda aka ƙirƙiro a Italiya a 2005. Har gasa ake yi ta yaran duniya a kan wannan aiki tun 2004. Yaron da ya kai nan, a kai shi wurin malamin kimiyya na makaranta mafi kusa, ya tafi da abin da ya haɗa a hannunsa.