Yadda BBC Ta Shafe Shirin Manyan Injuna Da Hannunta

Ran 7 ga Yulin 1965 ne gidan talabijin na BBC da ke Ingila ya fara nuna wani shiri mai suna Tomorrow's World, wato duniyar gobe. Aikinsa shi ne nuna wa jama'a sababbin injuna, jiragen sama, motoci da na'urori tun kafin su shiga kasuwa. Shirin ya yi shekara 38 yana gudana, sai a 2003 aka tsayar da shi. Abin takaici, da yawa daga cikin shirye-shiryen shekarunsa na farko babu su a yau.

Wanda ya fara gabatar da shi, Raymond Baxter, ba baƙo ba ne a harkar inji, domin ya tuƙa jirgin yaƙi samfurin Spitfire a Yaƙin Duniya na Biyu. Shi ne ya yi wa masu kallo sharhi lokacin da jirgin Concorde, mai gudun da ya wuce na sauti, ya yi tashinsa na farko a Tulus ta Faransa ran 2 ga Maris 1969. Ya riƙe shirin har 1977.

To, ina aka kai sauran? Ba gobara ba ce, ba kuma sata ba. A wancan zamani ana ɗaukar shiri ne a kan wani faffaɗan kaset mai inci 2, irin wanda kamfanin Ampex na Amurka ya fito da shi a 1956. Kaset ɗin na da ɗan karen tsada, ga cin wuri, saboda haka da zarar an nuna shiri sai a shafe shi a ɗora wani. Yarjejeniyar da aka yi da ƙungiyoyin 'yan wasa ta taƙaita maimaita shirye-shirye, kuma da hoto mai launi ya shigo a 1967, sai aka ɗauka ba wanda zai sake waiwayar baƙi-da-fari. Sai a 1978 BBC ta kafa tsarin adana kayanta, bayan aikin gama ya gama.

Ba wannan shirin kaɗai abin ya shafa ba, kuma a nan ne labarin ya biyo ta maƙwabta. BBC kan juye wasu shirye-shiryenta a kan fim mai milimita 16 ta sayar wa ƙasashen waje, bisa sharaɗin a mayar ko a lalata bayan an gama nunawa. Wasu ba su yi ko ɗaya ba, sakacin kuma ya zama alheri. A 2013 wani mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya gano kashi 9 na wasan Doctor Who da suka ɓata, jibge a wata tashar talabijin a Jos ta Nijeriya. Hakan ya rage adadin ɓatattun wasan daga 106 zuwa 97 a lokacin. Tun 1993 ma Cibiyar Finafinai ta Birtaniya take shirya taron shekara-shekara na nuna abubuwan da aka tsinto.

Mai karatu na iya cewa mene ne abin damuwa a kan hoton tsohon inji? Amsar ita ce, yawancin injunan nan an daina ƙera su, wasu an yanka an sayar a matsayin ƙarfe. Concorde kansa ya daina tashi tun 2003. Hoton da aka ɗauka suna aiki shi ne shaidar da ta rage ta motsinsu da ƙararsu.

Idan har babban gida irin BBC ya yi wannan asara, ya kamata gidajen talabijin na yankinmu su leƙa ɗakunan ajiyarsu. Zafi, ƙura da laima ba sa barin kaset, kuma injunan kunna shi sai ƙarewa suke yi. Wanda ba a juye shi zuwa kwamfuta yanzu ba, nan gaba ko an same shi ba lalle a sami abin kunna shi ba.