Hamza Idris Fallata: ɗan Madina mai ƙwallaye 33

Shekara goma sha tara aka yi ana neman wanda zai kamo Hamza Idris a gasar lig ta Saudiyya. A kakar 1999/2000 ya zura ƙwallaye 33 a rigar Al-Ittihad ta Jidda, ƙungiyar kuma ta ɗauki kofin. Sai a 2019 Abderrazak Hamdallah na Maroko ya ci 34, sannan Cristiano Ronaldo ya kai 35 a 2024. Amma a zamanin Hamza ƙungiyoyi 12 ne kacal a gasar, a kakar da Ronaldo ya ci nasa kuwa 18 ne. Duk mai adalci zai sa wannan a ma'auni.

A Madina aka haife shi a 1972, kuma a ƙungiyar Uhud ta garin, mai ɗauke da sunan dutsen nan da kowane alhaji ya sani, ya fara fice. Sunan zuriyarsa ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. A Hijaz, Fallata da Hausawi da Barnawi sunaye ne na jikokin mutanen Afirka ta Yamma da suka tafi aikin hajji, da yawansu a ƙasa ta Chadi da Sudan, suka zauna ba su koma ba. Filin ƙwallo na cikin wuraren da jikokin nan suka fi samun suna.

Uhud ba ta da kuɗin manyan ƙungiyoyin Riyad da Jidda, duk da haka daga cikinta aka ɗauki Hamza zuwa gasar cin kofin duniya ta 1994 a Amurka. Karon farko ke nan da Saudiyya ta je, ta kuma tsallake zagayen rukuni kafin Suwidin ta fitar da ita da ci 3 da 1.

Akwai ranar da har yanzu ake goranta masa. A wasan ƙarshe na kofin Asiya da Japan a Beirut, a Oktoban 2000, an ba Saudiyya bugun fenariti tun ba a ci kowa ba. Hamza ya ajiye ƙwallo, ya buga, ta wuce gefen raga. Japan ta ci ɗaya, ta tafi da kofi. Abin da zafi, amma rashin adalci ne a auna ɗan wasa irinsa da bugu guda.

Shekara huɗu bayan nan ya share wa magoya bayan Al-Ittihad hawaye. A wasan ƙarshe na gasar zakarun Asiya ta 2004, Seongnam ta Koriya ta Kudu ta zo har Jidda ta doke su 3 da 1, kowa ya fitar da rai. Da aka je Koriya wasa na biyu, Rida Tukar na Al-Ittihad, shi ma ɗan Madina da ya fito daga Uhud, ya buɗe da ta farko. Ana dab da tafiya hutun rabin lokaci Hamza ya ƙara ta biyu. Muhammad Nur Hausawi na Makka ya zura biyu bayan an dawo, aka tashi 5 da nema, Al-Ittihad ta ɗauki kofin a gidan masu masauki.