Ina Sakamakon Ɗalibi Yake Maƙalewa?

Ranar da ɗalibin ajin ƙarshe ya fito daga jarrabawarsa ta ƙarshe, abokai su cika masa farar riga da rubutu, a ɗauki hotuna, ya naɗe katifa ya nufi gida. Mutanen gida sun ɗauka an gama. Shi kuwa ya san da saura, tunda ba shi da wata shaida a hannu. Wata biyu ya wuce, huɗu ya wuce, maƙwabta su fara tambaya: "Wai yaushe za a tafi bautar ƙasa ne?"

Iyaye da dama sun zaci malami zai duba takarda ne kawai ya liƙa maki a allo. Tafiyar ta fi haka nisa. Bayan malami ya gama dubawa, sai ya haɗa makin jarrabawa da na gwajin da aka yi cikin zango, ya miƙa wa jami'in jarrabawa na sashe. Sashe ya zauna, a gayyato wani malami daga wata jami'ar ya tantance aikin 'yan ajin ƙarshe, tsangaya ta zauna, daga nan sai majalisar jami'a ta sa hannu. Kafin wannan sa hannun, ko ɗalibi ya ga makinsa da idonsa, a hukumance bai kammala ba. Kuma malami ɗaya tak da bai kawo makin kwas ɗinsa ba ya isa ya tsayar da aji guda.

A yi wa malaman adalci. Akwai kwasa-kwasan gama-gari da ɗalibansu ke haura dubu, kuma hannu ɗaya ko biyu ne za su bi takardun. Ga yajin aiki: na ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU a 2022 ya kama daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur, kuma da aka dawo sai jami'o'i suka riƙa matse zango, malami bai gama duba na jiya ba an ɗora masa na yau. Ba a Najeriya kaɗai ba: a 2023 malaman jami'o'in Birtaniya sun ƙi duba takardu daga Afrilu zuwa Satumba, har wasu ɗalibai suka yi bikin yaye ba su san matakin digirinsu ba.

To amma akwai sakaci tsagwaronsa. Malamin da ya kulle takardu a ofis ya tafi koyarwar wucin gadi a wata jami'ar ba shi da uzuri.

Wanda ke biyan kuɗin wannan jinkiri shi ne ɗalibi. Hukumar bautar ƙasa ta NYSC, wadda gwamnatin Yakubu Gowon ta kafa a 1973, ba ta kiran kowa sai jami'arsa ta tura sunansa cikin jerin da majalisar jami'ar ta amince da shi. In rukuni ya wuce ka, sai ka jira na gaba. Wanda ya haura shekara 30 kafin ranar kammalawa kuwa, takardar yafewa ake ba shi. Mafi ciwo shi ne ɗalibin da bai san ya faɗi wani kwas ba sai bayan an rufe rajista, ko wanda aka ce takardarsa ta ɓata: shekara guda ta tafi a banza.

Jami'a tana sa wa ɗalibi ranar rufe rajista, har da tara ga wanda ya makara. Ya kamata ta sa wa malami ranar kawo maki ita ma, ta kuma bayyana ta kowa ya sani. Kai kuma ɗalibi, adana takardar rajistar kwasa-kwasanka da katin jarrabawa, ka tabbata ka sa hannu a takardar halarta. Da ka ga gurbi babu maki, rubuta wa shugaban sashe a makon, ka riƙe kwafi.