Ƙanƙara ta ƙi kamawa, magani ya daskare

A azumin 2024, wanda ya faɗo cikin Maris da Afrilu, lokacin da zafin ƙasar Damagaram ke haura digiri 40, wani Alhaji mai shago a Sassumbrum ya rasa gane kan firizojinsa biyu. Ɗaya ta ƙanƙara ce, wadda ake rububinta kafin buɗa-baki. Ɗayar ta maganin dabbobi ce da allurar rigakafin kaji. Ta ƙanƙara ta ƙi kamawa, ledojin ruwa sai su wuni da ɗan sanyi kawai. Ta magani kuwa, wadda bai kamata ta sauka ƙasa da digiri 2 ko ta wuce 8 ba, da la'asar sai a tarar kwalabe sun zama dutse.

Alhaji ya kafa farantan sola da batura ne bayan Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023, sakamakon juyin mulkin 26 ga Yuli. Firizojin iri ɗaya ne, na kwance, an tsallake makunnin sanyinsu na ciki, an mayar da ikon zuwa akwati guda a bango. A cikin akwatin kowace firiza tana da ƙwaƙwalwarta mai nuna lamba, da ƴar wayar auna sanyi da ta shiga cikinta, da kwantakta mai sakar wa kwamfiresa wuta. An saita ta ƙanƙara a 18 ƙasa da sifiri, ta magani a 4. Da yake baturan ba su da yawa, bayan isha'i ake kashe akwatin, sai hantsi a kunna.

Mai gyara na farko ya zo da safe, ya kunna, kwamfiresa biyu suka tashi lafiya. Ya ce gas ne ya ragu, ya ƙara, ya karɓi kuɗinsa. Wannan ita ce amsar da ta fi sauƙi a sana'ar sanyi, kuma ta fi kowace cin kuɗin jama'a a banza. Na biyu ya ɗora laifin a kan inbata. Shi ma da safe ya zo, shi ma ya ga komai na tafiya. Alhaji ya fara zancen baki, har an sa masa wani abu a ƙofar shago.

Na ukun saurayi ne daga Magarya. Abu na farko da ya ce shi ne, “Alhaji, yau a nan zan wuni.”

Ya fara da abin da ya fi arha. Ya sa mita a bakin inbata, wuta tana wajen 220, ba ta rawa ko da kwamfiresa sun tashi tare. Ya karkaɗe ƙurar hunturu da ta toshe ragar da zafi ke fita, ya ga fankokin suna juyawa. Sannan ya koma kan wayoyin auna sanyi, don su ne suka fi saurin yin ƙarya. Irin waɗannan suna nuna kilo-om 10 a digiri 25, su hau zuwa wajen 27 in an tsoma su a ruwan ƙanƙara. Sai da aka aika yaron shago ya sayo ƙanƙara wurin maƙwabci, abin da ya sosa ran Alhaji fiye da kuɗin gas ɗin da ya yi asara. Duka biyun suka ba da lambar da ta dace. Ashe abin da ƙwaƙwalen ke nunawa gaskiya ne: suna ganin ɗaya ta yi ɗumi, ɗaya ta daskare, amma sun kasa yin komai.

Yana mayar da wayoyin ya tambaya, “Akwai ranar da ƙanƙarar ke ɗan kamawa?”

Alhaji ya ce babu. Yaron, ɗan ƙanwarsa ne, ya ce a hankali, “Kawu, ranar kasuwa tana kamawa.”

“Wannan albarkar kasuwa ce,” in ji Alhaji.

Mai gyara bai yi musu ba, amma maganar ta tsaya masa. Ranar kasuwa makiyaya ke cika shagon, ana ta buɗe firizar magani. Ta ƙanƙara ba a taɓa ta sai yamma. Me ya haɗa murfin wannan da sanyin waccan?

Ya zauna a kan benci yana kallon lambobi biyu suna sauka. Rana ta ɗaga sosai lokacin da aka ji ƙas a cikin akwati, firizar ƙanƙara ta yi tsit. Lambarta ko sifiri ba ta kai ba, kuma ƴar fitilar ƙwaƙwalwarta tana kunne, wato tana neman a ci gaba da aiki. Tunaninsa na farko shi ne kwamfiresa ta yi zafi ta kare kanta, domin akwai ɗan makulli a jikinta mai yanke wuta in nauyi ya yi yawa. Ya ɗora tafin hannu a kanta, ɗumi ne na aiki, ba na wahala ba. Ya sa mita a soket, babu wuta ko kaɗan. Kwamfiresa ba ta ƙi aiki ba, hana ta aka yi. Ya ɗaga kai ya dubi ɗaya lambar. Firizar magani ta sauka 4 daidai, fitilarta ta mutu, amma kwamfiresarta tana ta gurnani.

Ya ce, “Alhaji, zo ka gani.” Ya buɗe firizar magani, ya zaro ƴar wayar auna sanyi, ya dunƙule ta a hannunsa. Lamba ta fara hawa. Aka jira ƴan mintunan da ƙwaƙwalwa ke jinkirtawa don kada kwamfiresa ta tashi a kan matsin gas. Ƙas! Firizar ƙanƙara, can a ɗaya kusurwar, ta tashi.

Alhaji ya yi salati.

Bayanin ba shi da tsawo. Kowace ƙwaƙwalwa tana jin ɗakinta daidai, amma umarninta ɗakin kishiya yake zuwa, kamar ɗan aike da ke kai saƙon uwargida wurin amarya. Ta ƙanƙara tana ganin ɗumi, sai ta yi ta tura wuta, wutar na tafiya firizar magani har kwalabe su daskare. Ta magani tana ganin sanyi ya isa, sai ta yanke, firizar ƙanƙara ce ke mutuwa. Da safe duka biyun sun kwana sun huce, kowace na neman sanyi, shi ya sa duk wanda ya zo da hantsi ya ga lafiya lau. Ranar kasuwa kuma yawan buɗe murfi ke shigar da iska mai zafi kan wayar auna sanyin magani, ita kuma ta riƙa tayar da firizar ƙanƙara.

Saura a gano inda aka sauya. Cikin akwatin babu alamar an taɓa shi. Mai gyara ya bi wayoyin da suka fita zuwa soket, ya janye buhunan dusa da aka jingina a bango. A nan ya tarar da kashin ɓera, da jajayen wayoyi biyu masu kauri ɗaya, kowace an naɗe ta da baƙin tef. Yaron ya sunkuyar da kai. Kafin azumi, Alhaji ya tafi Kano sayo kaya, ɓera ya ci wayoyin, firizojin suka mutu. Tsoron faɗa ya sa ya kashe wuta ya haɗa da kansa, ja da ja. Da ya kunna duka suka tashi, sai ya ɗauka ya tsira.

Mai gyara ya hana Alhaji ɗaga murya. Ya ce wanda ya ja waya biyu launi ɗaya ba tare da ya rubuta musu lamba ba, shi ya fara wannan ɓarnar. Ya cire tef, ya haɗa kowace waya da tata da mahaɗi mai ƙusa, ya zura su cikin bututun roba, ya rubuta 1 da 2 a kan ƙwaƙwalwa, da kwantakta, da soket, da jikin firiza. Sannan ya gwada kowace ita kaɗai, ɗayar a kashe, gwajin da da an yi shi tun farko da ba a sayi gas ba.

Gardamar da ta rage a kan kwalabe ce. Allurar rigakafin kaji mai haɗin mai, in ta daskare ta narke, ta lalace ko da ido bai gani ba, kuma waɗannan sun yi makonni suna daskarewa da rana suna narkewa da dare. Alhaji ya so a sayar da su a rage asara. Mai gyara ya ce shi dai ba likitan dabbobi ba ne, a kai masa ya duba kafin a sayar wa kowa. Aka zuba su a kwali aka ajiye gefe. Ya ƙara da cewa ko baturi guda ne a ƙara, firizar magani ta daina kwana a kashe.