Gardamar Paris kan tushen darajar ɗan Adam

A ƙarshen 1948, wakilan Majalisar Ɗinkin Duniya suna tace Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam a birnin Paris, sai wakilin Brazil ya kawo gyara ga sashe na farko: a rubuta cewa an halicci mutum cikin kamannin Allah. Aƙidar Kiristanci ke nan tun daga Littafin Farawa, wato daraja kyauta ce daga Mahalicci, sarki da kuturu rabonsu ɗaya. Musulmi ma ya san batun karrama 'ya'yan Adamu, ko da yake lafazin ya bambanta.

Tarayyar Sobiyet, wadda gwamnatinta ba ta yarda da Allah ba, ta ce atafau. Wakilin Sin, P.C. Chang, ya nemi a bar zancen tushe, kowa ya fassara daidai da imaninsa. Brazil ta janye. Ranar 10 ga Disamba ƙasashe 48 suka amince, 8 suka ƙaurace, ciki har da Sobiyet da Saudiyya. Daraja ta shiga takarda, amma ba a faɗi daga ina ta fito ba.

Shi mulhidi, wanda bai yarda da Allah ba, yana da hujjarsa, kuma ba ta wasa ba ce: mutum rai ɗaya gare shi, babu lahirar da za a saka masa, saboda haka zaluntarsa asara ce da ba ta da diyya. Inda gizo ke saƙa shi ne idan aka rataya daraja a kan hankali da sanin kai. Peter Singer, masanin falsafa ɗan Ostareliya, ya bi wannan hanya har ƙarshenta a littafinsa na 1979, ya ce jariri mai tsananin naƙasa bai kai babban mutum haƙƙin rayuwa ba. Naƙasassu sun yi masa zanga-zanga a Jamus a 1989, mulhidai da yawa ma ba su bi shi ba.

Kirista kuwa kada ya yi saurin bugun ƙirji. A 1550, a Valladolid ta Sifaniya, Sepúlveda ya kare yaƙar 'yan asalin nahiyar Amurka da mallake su, Las Casas ya ƙalubalance shi, alhali dukansu Kiristoci ne, littafi ɗaya suke karantawa.

A ganina tushen Kirista ya fi kare jariri da tsohon da ya ruɗe, domin bai gindaya sharaɗin iyawa ba. Sai dai bayan Valladolid ƙasashen Kirista sun ci gaba da cinikin bayi fiye da shekara 300.