Kafin ɓarawo ya gwada ƙofar shagonka na intanet, ka riga shi gwadawa

Duk ɗan kasuwar da ya san ciwon kansa, a Maraɗi yake ko Ƙonni, Gaya ko Jibiya, ba ya barin shago da dare sai ya girgiza kwaɗo ya tabbatar ya kama. To amma yau da yawa daga cikinmu sun buɗe wani shagon na biyu a intanet, inda suke baje hotunan atamfa, shadda, wayoyin salula ko kayan gyaran babura, masu saye kuma suna barin suna da lambar waya, wani lokaci har da shaidar biyan kuɗi. Abin da muka lura da shi shi ne, da zarar yaron da ya gina shafin ya karɓi ladansa ya tafi, ba mai sake waiwayar ƙofofin wannan shago, wata da watanni.

Wani zai ce wane ɓarawo ne zai damu da ɗan ƙaramin shafina? Masu kutse ba sa zaɓen mutum. Manhajoji suke sakewa suna bin shafuka dubu-dubu dare da rana, suna taɓa kowace ƙofa, wadda ta buɗe su shige. In sun shiga, suna iya kwashe lambobin abokan cinikinka, ko su sauya lambar asusun da ake biyanka ta cikinsa su sa tasu, ko su mai da shafinka wurin damfarar jama'a da sunanka. Kuɗi in sun tafi ana iya mayar da su, amma amanar da aka yi shekaru ana ginawa a kasuwa, in ta zube da wuya a kwashe.

Manya ma ba su tsira ba. A shekarar 2017 an kutsa cikin kamfanin Equifax na ƙasar Amurka aka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147. Ɓarakar da aka bi ta cikinta tana cikin wata manhaja mai suna Apache Struts, kuma tun watan Maris na shekarar an fitar da gyaranta, amma ba a sa gyaran ba har masu kutse suka shiga a watan Mayu.

Mene ne Nikto?

Akwai manhajojin da aikinsu shi ne zagaya shafi kamar mai gadi, suna gwada ƙofofi da tagogi, sannan su kawo rahoto. Ɗaya daga cikin tsofaffinsu ita ce Nikto, wadda wani masani mai suna Chris Sullo ya fitar a shekarar 2001. Kyauta ce, ba a biyan ko dala. Tana aika tambayoyi dubbai zuwa ga saba, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin, don ta gano ko akwai tsohuwar manhajar da ba a sabunta ba, ko fayilolin da aka manta a fili, ko saitin da aka yi ba daidai ba.

Nikto ba ta da hotuna ko maɓallan latsawa. A baƙin allon rubuta umarni ake aiki da ita: ka rubuta layi ɗaya, ka danna Enter, ta amsa maka da rubutu. Kada wannan ya tsorata mai karatu, domin layukan da ake buƙata ba su wuce yatsun hannu ɗaya ba.

Sharaɗi kafin a fara

Shafinka kaɗai za ka bincika, ko wanda mai shi ya ba ka izini a rubuce. Gwada ƙofar maƙwabci ba da saninsa ba laifi ne, ko da ba ka ɗauki komai ba. Nijar ta kafa dokar yaƙi da laifukan intanet a shekarar 2019, Najeriya kuma tana da tata tun 2015, kuma dukkansu sun haramta shiga na'urar wani ba da izini ba. Haka zalika ya kamata ka sanar da kamfanin da kake hayar wuri a sabarsa, domin Nikto ba ta ɓoye sawunta. Yawan tambayoyinta na iya sa kamfanin ya ɗauka hari ne ya toshe ka.

Yadda ake girka ta

Wanda ke da kwamfuta mai tsarin Kali Linux ya huta, don Nikto na cikin kayan da ke zuwa da ita. Mai tsarin Ubuntu sai ya buɗe baƙin allon ya rubuta waɗannan, ɗaya bayan ɗaya:

sudo apt update
sudo apt install nikto

Za a tambaye shi kalmar sirrin kwamfutarsa, sannan manhajar ta sauko. Sai dai wadda ke zuwa ta wannan hanya takan zama tsohuwar fitowa, saboda haka mai son sabuwa ya ɗauko ta daga ma'ajiyar mai ita a GitHub. Masu Windows 10 ko 11 kuma suna iya girka Ubuntu a cikin kwamfutarsu ta hanyar abin da ake kira WSL, ba tare da sun goge komai ba.

Yadda ake bincike

Umarnin farko shi ne:

nikto -h https://www.example.com

A wurin adireshin da muka sa na misali, sai ka rubuta na shafinka. In kana son a ajiye maka rahoton a fayil don ka nuna wa mai gyara, ka ƙara masa haka:

nikto -h https://www.example.com -o rahoto.html -Format htm

Binciken kan ɗauki mintuna, wani lokaci fiye, gwargwadon ƙarfin intanet. Muna ba da shawara a yi shi da dare bayan an tashi daga kasuwa, saboda kada shafin ya yi nauyi a lokacin da masu saye ke kai.

Karanta rahoton

Rahoton da Ingilishi yake fitowa, kowane abin da aka gano yana kan layinsa da alamar tarawa a gabansa. Ba duka ne ke da haɗari iri ɗaya ba. Abubuwa uku ne muke ganin ba sa jiran gobe. Na farko, in ta ce manhajar sabar, kamar Apache ko PHP, ta tsufa. Na biyu, in ta gano wani kundi da kowa ke iya buɗewa ya ga jerin fayilolin ciki, musamman kwafin ajiya na shafin, domin a irinsa ne kalmomin sirri da sunayen masu saye ke kwance. Na uku, in ta tarar da ƙofar masu gudanarwa, irin su phpMyAdmin, a buɗe ga duk mai wucewa. Sauran ƙorafe-ƙorafen, kamar rashin wasu saituna na kariya, a gyara su, amma ba su kai waɗancan gaggawa ba.

Ga masu WordPress

Fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kan WordPress aka gina su, kuma galibin ɓarakar da ake samu a cikinsu daga ƙananan manhajojin da ake ƙara musu take fitowa. Don haka akwai wata manhajar ta musamman, WPScan, wadda ta fito a 2011, kamfanin Automattic kuma ya saye ta a 2021. Umarninta shi ne:

wpscan --url https://www.example.com

Za ta faɗi fitowar WordPress ɗin da kake kai da ƙananan manhajojin da ta gani. In ana son ta bayyana ɓarakar da aka sani a kowace, sai an yi rajista a shafinsu an karɓi lambar izini.

Iyakar abin da za ta iya

Manhajar bincike ba ta gyara komai, nuni kawai take yi. Takan yi ƙararrawar ƙarya, takan kuma tsallake ɓaraka ta gaske. Shi kansa Equifax ya yi bincike da na'urorinsa a watan Maris na 2017 amma ba su hango matsalar ba. Bugu da ƙari, ɗan kwaɗon nan da ke bayyana kusa da adireshin shafi ba shaida ba ce ta cewa shafin ya tsira. Abin da yake nufi kawai shi ne an rufe hanyar da saƙo ke bi tsakanin mai saye da saba.

Mun san ba kowane ɗan kasuwa ke da kwamfuta ko lokacin zama gaban baƙin allo ba. In haka ne, ka kira wanda ya gina maka shafin ya yi binciken a gabanka, ya fassara maka rahoton layi-layi, ya gyara, sannan ya sake binciken don ka ga abin da ya ragu. Ka sa wannan cikin yarjejeniyarku tun farko, a riƙa yinsa aƙalla sau ɗaya a wata da kuma duk lokacin da aka ƙara wani abu a shafin. Kalmar sirrin gudanarwa ta kasance a hannunka, kwafin ajiya kuma a wani wuri dabam da sabar. Rigakafi dai ya fi magani.