Masu Shiga Tsakani: Malamai, Jakadu da Shugabannin da Ke Kashe Wutar Yaƙi

Duk lokacin da labari ya zo cewa an tsagaita wuta a wata ƙasa, ko an rattaba hannu kan yarjejeniyar sulhu, hankalin jama'a yakan karkata ga shugabannin da aka nuno suna musabaha a gaban 'yan jarida, alhali kuwa mafi yawan aikin ya riga ya gudana a bayan fage, a hannun wasu mutane ƙalilan da suka ƙarar da rayuwarsu wajen koyon yadda ake zaunar da abokan gaba a teburi guda. Fagen da suke aiki a cikinsa shi ne tsaron ƙasa da ƙasa, wato duk abin da ya shafi hana yaƙi ɓarkewa, da kawo ƙarshensa idan ya ɓarke, da taƙaita yaɗuwar makamai, da kare fararen hula. Ta ƙofofi uku aka fi shiga wannan fage: ƙofar ilimi, da ƙofar jakadanci, da ƙofar mulki, kuma tarihin waɗanda suka yi fice a cikinsa yana nuna cewa sasanci sana'a ce da ake koyo da daɗewa, wadda nasararta ke rataye a kan ƙwarewar mai yin ta da kuma goyon bayan masu ƙarfi.

Ƙofar ilimi

Ralph Bunche, baƙar fata ɗan Amurka, shi ne misali na farko na malamin jami'a da ya koma mai sasanci. Ya koyar da kimiyyar siyasa a Jami'ar Howard, ya kuma sami digirin digirgir a Jami'ar Harvard a 1934 da bincike kan mulkin Faransa a Togo da Dahomi, wadda a yau ake kira Jamhuriyar Benin, saboda haka ya san halin ƙasashen da aka mallake tun kafin ya shiga aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a 1946. Da aka kashe mai shiga tsakani na Majalisar a rikicin Falasɗinu, Folke Bernadotte, a Birnin Ƙudus cikin watan Satumba na 1948, sai nauyin ya faɗo kan Bunche, wanda ya tara wakilan Masar da na Isra'ila a masauki guda a tsibirin Rhodes. Da yake ɓangarorin ba su saki jiki da juna ba, sai ya riƙa ganawa da kowannensu shi kaɗai, yana ɗaukar shawara daga wannan ɗaki zuwa wancan, yana fara warware ƙananan batutuwa domin a saba da cimma matsaya kafin a kai ga manya. A ranar 24 ga Fabrairu 1949 Masar da Isra'ila suka sa hannu kan yarjejeniyar dakatar da faɗa, Labanon da Jodan da Siriya suka biyo baya cikin wannan shekara, kuma a 1950 Bunche ya zama baƙar fata na farko da ya karɓi lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya.

A Nijeriya, Farfesa Ibrahim Gambari, haifaffen Ilori, ya bi kusan irin wannan turba. Ya yi karatu a Landan da kuma Jami'ar Columbia, ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya zama ministan harkokin waje daga 1984 zuwa 1985, sannan ya wakilci Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1990 zuwa 1999. Yana kan wannan kujera lokacin kisan ƙare-dangi na Ruwanda a 1994, sa'ilin da Nijeriya ke riƙe da kujerar wucin-gadi a Kwamitin Sulhu, kuma yana cikin 'yan tsirarun jakadun da suka nemi a ƙarfafa rundunar Majalisar da ke can, amma Kwamitin ya yanke shawarar rage ta zuwa mutum 270, a daidai lokacin da ake yi wa dubban ɗaruruwan mutane yankan rago. Daga baya Gambari ya shugabanci sashen harkokin siyasa na Majalisar, ya zama manzonta na musamman a Myanmar, sannan ya jagoranci rundunar haɗin gwiwa ta Majalisar da Tarayyar Afirka a Darfur daga 2010 zuwa 2012.

Ƙofar jakadanci

Cikin jakadun da suka tsufa a wannan aiki, da wuya a sami wanda ya kai Lakhdar Brahimi na Aljeriya yawan rikice-rikicen da ya sa hannu a ciki. An haife shi a 1934, kuma makarantarsa ta farko a diflomasiyya, wato dabarun gudanar da hulɗa tsakanin ƙasashe ta hanyar tattaunawa, ita ce gwagwarmayar neman 'yancin ƙasarsa, domin tun yana saurayi ya wakilci ƙungiyar 'yan kishin ƙasar Aljeriya a Indonesiya daga 1956 zuwa 1961. Bayan samun 'yanci ya yi jakada a Masar da Birtaniya, sannan ya zama mataimakin babban sakataren Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa, kuma a wannan matsayi ne ya taka muhimmiyar rawa wajen ƙulla yarjejeniyar Ɗa'if ta 1989, wadda ta share fagen ƙarewar yaƙin basasar Labanon da aka fara tun 1975. Asirin wannan yarjejeniya shi ne ta taɓa ainihin abin da ake faɗa a kansa, wato rabon mulki, inda ta raba kujerun majalisar dokoki daidai-wa-daida tsakanin Kirista da Musulmi, ta kuma karkatar da wani sashe na ikon shugaban ƙasa zuwa majalisar ministoci.

Bayan abin kunyar da ya faru a Ruwanda da kuma kisan Srebrenica na 1995, Babban Sakatare Kofi Annan ya ɗora wa Brahimi shugabancin kwamitin da ya binciki ayyukan dakarun kiyaye zaman lafiya, wato sojoji da 'yan sandan da ƙasashe ke bai wa Majalisar aro domin su tsaya tsakanin masu faɗa. Rahoton da kwamitin ya fitar a shekara ta 2000 ya nemi a daina tura dakaru ba tare da bayyanannen umarni da isassun kayan aiki ba, ya ba da shawarar a iya girke runduna cikin kwana 30 a aiki mai sauƙi ko kwana 90 a mai sarƙaƙiya, ya kuma gargaɗi ma'aikatan Majalisar da su riƙa faɗa wa Kwamitin Sulhu gaskiyar halin da ake ciki ko da ba za ta yi masa daɗi ba. A ƙarshen 2001 Brahimi ya jagoranci taron Bonn a Jamus, inda aka kafa gwamnatin riƙon ƙwarya ta Afganistan, sai dai daga baya shi da kansa ya bayyana cewa barin 'yan Taliban a waje babban kuskure ne, kuma abin da ya biyo baya cikin shekaru ashirin ya gaskata wannan hange nasa.

Shi ma Annan, ɗan Kumasi a Gana, daga ƙasa ya faro, domin ya shiga Hukumar Lafiya ta Duniya a 1962 a matsayin ƙaramin jami'i, ya yi ta hawa har ya zama Babban Sakatare daga 1997 zuwa 2006. Aikinsa da ya fi shafar Nijeriya kai tsaye shi ne batun Bakassi: bayan da Kotun Duniya ta bai wa Kamaru yankin a 2002, Annan ya yi ta haɗa Shugaba Obasanjo da Shugaba Biya har suka sa hannu kan yarjejeniyar Greentree a watan Yuni na 2006, aka kuma kammala miƙa yankin a 2008 ba tare da ƙasashen biyu sun gwabza yaƙi ba.

Ƙofar mulki

Akwai ƙofofin da ba sa buɗuwa sai ga wanda ya taɓa riƙe ƙasa, domin shugaba ko madugun 'yan tawaye ya fi sauraron wanda ya ɗanɗana nauyin da ke kansa. Martti Ahtisaari, wanda ya jagoranci aikin Majalisar da ya kai Namibiya ga 'yanci a 1990 kafin ya shugabanci Finland daga 1994 zuwa 2000, ya yi amfani da wannan kwarjini a 2005 wajen sasanta gwamnatin Indonesiya da 'yan awaren Aceh, waɗanda suka amince su ajiye neman ɓallewa su karɓi 'yancin gudanar da harkokin yankinsu, bayan kusan shekara talatin ana zubar da jini. Haka nan Janar Abdulsalami Abubakar, wanda miƙa mulki ga farar hula da ya yi a ranar 29 ga Mayu 1999 ya saya masa mutunci a idon duniya, shi ƙungiyar ECOWAS ta naɗa ya shiga tsakanin ɓangarorin da ke yaƙi a Laberiya, a taron Akara na 2003. Da tattaunawar ta yi ta jan ƙafa, sai matan Laberiya, Musulmi da Kirista, ƙarƙashin jagorancin Leymah Gbowee, suka zazzauna a bakin ƙofofin zauren taron suka hana wakilan fita, kuma wannan matsin lamba, tare da ficewar shugaban ƙasar, Charles Taylor, zuwa Nijeriya, ya taimaka aka sa hannu kan yarjejeniya a ranar 18 ga Agusta.

Iyakar ƙwarewa

Duk da haka, ƙwarewa tana da iyaka, kuma iyakar tana cikin tsarin Kwamitin Sulhu da kansa. Kwamitin yana da mambobi 15, biyar daga cikinsu na dindindin ne, wato Amurka da Birtaniya da Faransa da Rasha da Sin, kuma kowaccensu na iya hawa kujerar na-ƙi, ma'ana ta kashe kowane ƙuduri ita kaɗai ko da sauran duka sun amince. Rikicin Siriya ya nuna tasirin wannan ƙarara: Annan ya gabatar da shiri mai matakai shida a 2012, amma ya ajiye aikin cikin watan Agusta bayan da kan manyan ƙasashe ya rabu, Rasha da Sin suka hau kujerar na-ƙi har sau uku, wasu ƙasashe kuma suka ci gaba da tura wa ɓangarorin makamai. Brahimi ya gaje shi, ya kai ga haɗa gwamnati da 'yan adawa a Janeba a farkon 2014, shi ma ya yi murabus a watan Mayu ba tare da biyan buƙata ba. Mutanen biyu su ne gwanayen zamaninsu, amma mai shiga tsakani ba shi da soja ko baitulmali na kansa, jarinsa kawai amanar da ɓangarori suka ba shi da kuma haɗin kan waɗanda suka aiko shi.

Abin da ya haɗa waɗannan mutane duka shi ne dogon shiri: karatu mai zurfi a tarihi da shari'a da siyasa, da sanin harsuna, da shekaru masu yawa a ƙananan muƙamai inda ake koyon rubuta rahoto da riƙe sirri da sauraron wanda ba a yarda da shi ba, da kuma haƙurin da ke sa mutum ya koma kan teburi bayan tattaunawa ta watse. Yankin Sahel da tafkin Chadi da Sudan suna cikin wuraren da suka fi buƙatar irin waɗannan gwanaye a yau, kuma ɗan yankin da ya san harshen mutanensa da al'adunsu da tarihin rigingimunsu yana da abin da baƙo ba zai samu cikin gaggawa ba. Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, amma zaman lafiyar ba ya samuwa sai da waɗanda suka koyi yadda ake gina shi. Don haka wajibi ne jami'o'i da gwamnatocin yankin su ɗauki horar da jakadu da masu sasanci da muhimmancin da suke bai wa horar da soja, matasa masu hazaƙa kuma, maza da mata, su ɗauki wannan fage a matsayin sana'ar da ta cancanci a ba ta rayuwa.